Shimfiɗar Auta

Shekara ashirin da ɗoriya Mai Katifa tana ɗinka katifa da matasai a shagonta na bakin titi, kuma hanya ɗaya ta sani ta gwada abin kwanciya: ta danna da tafin hannu. In hannu ya nutse ya dawo a hankali, to katifa ce. In ya taɓo ƙasa, tarkace ne. Ko gidan mutane ta je gaisuwa sai ta faki ido ta danna kujerarsu kafin ta zauna. 'Ya'yanta sun gaji da yi mata dariya a kan wannan.

Autarta ce ke karatun duwatsu a jami'a, tana shekarar ƙarshe. Makaranta ta ce za a kai su saman dutse kwana biyar, kowa da jakarsa a baya, a tanti za su riƙa kwana. Auta ta zo da takarda mai jerin kaya, ta yi sati tana haɗawa. Mai Katifa ba ta sa baki a takalmi ba, ba ta sa baki a tocila ba, don ba fanninta ba ne. Amma ranar da ta ga abin da yarinyar ta sayo da sunan shimfiɗa, sai da ta ajiye almakashi.

Wani soso ne siriri, kaurinsa bai fi ɗan yatsa ba, yana ninkuwa falle-falle. Jikinsa gurbi-gurbi kamar kiret ɗin ƙwai, fuska ɗaya tana ƙyalli. Ta danna, hannunta ya ji siminti.

Auta ta yi ta bayani, wai ba don laushi aka yi shi ba, sanyin ƙasa yake tarewa, wai haka malaminsu ya rubuta a takarda.

"Malamin naku ya taɓa ɗinka katifa?"

"Mama, don Allah ki bar shi yadda yake," in ji Auta tana dariya.

Kayan ɗalibai za su riga su tafiya da kwana ɗaya a motar makaranta. Auta ta zuge jakarta da safe, ta bar wa babanta ya kai da yamma, ta tafi aji. Ko kwanar layi ba ta gama sha ba Mai Katifa ta sa mayafi ta nufi kasuwa. Ta samo katifar iska mai kauri kusan taƙi guda, da ɗan famfonta. Mai sayarwa ya hura mata, ta danna, hannu ya nutse ya dawo. Ta dawo gida ta zare siririn soson, ta cusa tata a ƙasan jakar, ta mayar da komai yadda yake. Har ta ba maƙwabciyarta mai ɗinki labari tana jin daɗi, wai 'yar mai katifa guda ta kwana a kan kiret ɗin ƙwai, mutane su ce me?

Shi kuwa soson, da yake ba ta yarda da asara ba, ta tafi da shi shago. Lokacin sanyi ya fara shigowa, simintin shagon kuma ko da rana tsaka kamar an zuba masa ruwa. Duk shekara gwiwoyinta na shan wahala wajen sallah, sanyi ya ratso dadduma ya shige ƙashi. Sai ta ninka soson ta sa a ƙarƙashin dadduma, ta manta da shi.

Rana ta uku da tafiyar Auta, tana zaman tahiya a sallar azahar, sai ta ji wani abu ya ɓace. Gwiwoyinta ba sa ciwo. Ƙafafunta da ɗuminsu. Nan take lissafin raka'a ya kuɓuce mata, sai da ta yi sujadar mantuwa. Tana sallamewa ta zare soson ta durƙusa a kan dadduma zalla. Kafin ta ƙirga ashirin sanyi ya iso. Ta mayar da shi, ta sake durƙusawa, ta jira, babu komai.

Ta ɗauko waya ta kira Auta. Ba ta shiga. Ta kira sau tara kafin la'asar, duk da ta san an gaya musu babu sabis a can. Wani mutum ya zo tayin matashi a ranar, ta ce masa ya dawo gobe.

Ranar da ya kamata su dawo gida, daga asibiti aka kira. Auta na kwance an sa mata ƙarin ruwa, jiki zafi rau, tana tari kamar ƙirjin zai tsage. Likita ya ce sanyi ne ya shigar mata huhu, amma an tare shi da wuri. Da Mai Katifa ta zo gyara mata riga, ta ga kafaɗunta biyu sun yi jajir inda igiyar jaka ta ci. Ita da ta ɗaga katifar nan a kasuwa ta san nauyinta. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa a baya za a hau dutse da ita ba.

Malamin ya shigo duba ta, ya tsaya da baban Auta a bakin gado. Ya ce cikin ɗalibai goma sha takwas ita kaɗai ta kwanta. Ya ce irin wannan katifar babu komai a cikinta sai iska, iskar kuma tana ɗaukar sanyin ƙasa ta miƙa wa bayan mutum har gari ya waye, ko bargo nawa ya lulluɓa ta sama. Ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, yarinya ce mai bin ƙa'ida.

Baban Auta tsohon direban babbar mota ne, mutum ne da ba ya son a ba mutum takarda ya ƙi bin ta. Ya juya ya tambayi 'yarsa yadda aka yi.

Mai Katifa na tsaye riƙe da fulas ɗin ruwan zafi. Ta buɗe baki.

"Ni na zaɓa, Baba," in ji Auta, idonta a kan silin. "Na ga ta fi laushi."

Mai Katifa ta rufe bakinta, ta zuba ruwan a kofi.

A nan gaban malamin baban ya yi wa Auta tas. Ya ce shekara huɗu a jami'a, an rubuta mata abu baƙi a kan fari ta kasa bi. Akwai tafiya ta biyu nan da sati uku, ta kwana goma sha huɗu, dutsen ya fi wannan tsawo da sanyi, kuma wanda bai je ba sai ya maimaita shekara. Da yake Auta ta kwanta ciwo, makaranta ta ce sai likita ya yarda, uba kuma ya sa hannu. Ya ce likita ya rubuta abin da ya ga dama, shi dai hannunsa ba zai hau takardar nan ba. Wadda ba ta iya zaɓar abin da za ta kwanta a kai ba, ba zai sake tura ta daji ba.

Aka sallamo Auta bayan kwana huɗu. Mai Katifa ta rufe shago ta zauna jinya. Ta dafa wannan, ta gasa mata ƙirji da tawul, ta hana kowa buɗe taga. Bayan kowace sallah tana zaune da carbi tana istigfari har yatsunta su gaji. Amma ita ma ta san istigfari tsakaninta da Ubangijinta ne, ba shi zai sa hannu a takarda ba. Takardar na nan a kan firji, an danne ta da kwalbar magani, duk wucewar da za ta yi sai ta gan ta.

Wata safiya tana taje wa Auta kai, ta tambaye ta a hankali me ya sa ta ce ita ce.

"To in ce wa? In ce Mama, a gaban malamina?" Ta yi tari, sannan ta ɗan murmusa. "Amma laushi kam akwai laushi. Ban taɓa jin sanyi cikin jin daɗi irin wannan ba."

Mai Katifa ba ta yi dariya ba. Ta ci gaba da tazar, ta ja gashin fiye da yadda ta yi niyya.

Saura kwana biyu a mayar da takarda, ta naɗe soson a leda ta nemi kantin da Auta ta saye shi. Kantin kayan tafiya ne, tantuna a rataye, mai shi wani dogo da kowa ke kira Dogo. Ta ajiye soson a kan tebur ta ce ya gaya mata gaskiyar abin nan, kuma kada ya yi mata dogon turanci.

Ya ce ƙasa ita ce ɓarauniyar ɗumi, ba iska ba. Bargo yana kare sama, amma inda mutum ya danne da nauyinsa ba ya aikin komai, sai abin da ke ƙarƙashi. Soson nan cike yake da ƙananan ramuka a rufe, sanyi ba ya samun hanya. Ya nuna mata wata lamba a jikin ledar kowace shimfiɗa, ya ce ita ake dubawa kafin kauri, in ta yi sama ɗumi ya yi sama. Da ta gaya masa inda za a je karo na biyu, ya ce wannan shi kaɗai ba zai isa ba. Ya ciro wata ta hurawa, a naɗe ba ta fi gorar ruwa girma ba, amma an jera mata abin tare sanyi a ciki. Ya ce a shimfiɗa soson a ƙasa, a ɗora wannan a kai, ko ta huje akwai madogara. Ya hura guda uku ya jera a ƙasa.

Hannun Mai Katifa ya miƙa da kansa. Ta gan shi a hanya, ta dawo da shi cikin mayafi.

Dogo ya ce ai ba da hannu ake gwadawa ba, Mama. Kwanciya ake yi, a juya gefe a ji ko ƙugu ya taɓa ƙasa, a miƙe a ga ko ƙafa ta zarce. Ya ce ta kwanta ta ji, ba kowa a kantin.

"Ba ni zan kwana a kai ba," ta ce. Ta ɗauki sosonta ta fita.

Bayan la'asar ta sami baban Auta a baranda yana gyara wani tsohon agogo. Ba ta zauna ba. Ta ajiye soson a gabansa, ta ɗauko katifar iskar ta ajiye kusa da shi.

"Wannan Auta ta saya. Wannan ni na saya. Ni na buɗe jakar bayan ta fita na canja, kai ka kai makaranta ba ka sani ba. Yarinyar nan ta bi takardarta tsaf."

Ya dubi kayan, ya dube ta. Ya ajiye sukudireba a hankali.

"Kina tsaye ranar," ya ce. "Da fulas a hannunki."

"Ina tsaye."

"Na ci mata mutunci a gaban malaminta, kina zuba ruwa a kofi."

Ta so ta ce don alheri ta yi, maganar ta zo har bakinta. Ta haɗiye ta, don ya riga ya sani, kuma ba abin da ya tambaya ba ke nan. Ya tashi ya wuce ta ya shiga ɗakin Auta, ya turo ƙofa. Ta tsaya a barandar tana naɗe katifar, tana matse sauran iskar da gwiwa. Sun daɗe a ciki. Da ya fito bai kalle ta ba, ya ɗage kwalbar magani daga kan firji ya tambayi inda biro yake.

Sharaɗi biyu ya kafa. Likita ya fara sa nasa hannun. Sannan jakar, daga lokacin da Auta ta zuge ta, a but ɗin motarsa za ta kwana, makulli a aljihunsa. Da safe kuma ya ce Mai Katifa ta shirya, tare za su kai takardar, akwai maganar da malamin ya kamata ya ji daga bakin mai ita. Ta je, ta faɗa, a tsaye a ofis mai cike da duwatsu a kan kanta. Malamin ya rasa inda zai sa idonsa, ya yi ta cewa ba komai, Mama.

Daga can suka wuce kantin Dogo su uku. Auta ta kwanta a kan shimfiɗar hurawa ta farko ta ce ƙugunta na taɓa ƙasa. Ta biyu ta yi mata ƙara kamar leda duk juyin da ta yi. A kan ta uku ta yi shiru har babanta ya tambaya ko barci ta yi. Mai Katifa na gefe, hannayenta biyu a cikin mayafi.

Auta ta kira ta: "Mama, zo ki duba mini haɗin bakin nan. Wannan kam fanninki ne."

Ta durƙusa ta bi haɗin da farce tun daga kai har ƙafa, ta juya ta bi ɗaya gefen, ta murɗa bakin hurawar ta kasa kunne. Ta ce ba laifi. Tsakiyar shimfiɗar na nan a kumbure dab da hannunta, ba ta danna ba.

Ranar tafiya Auta ta ɗaure soson a saman jaka da kanta, ƙyallinsa a waje inda kowa zai gani. Mai Katifa ta yi mata addu'a a bakin ƙofa, ta tafi ta buɗe shago. Da azahar ta shimfiɗa dadduma a kan siminti. Guntayen soso na nan tuli a lungu, ragowar aiki, kowanne ya isa gwiwa biyu. Ta dube su, ta tayar da kabbara. Tun a sujadar farko sanyin ya iso, ta bar shi ya shiga, tana ƙirga kwana goma sha huɗu.