Sunayen da ke Ƙarƙashin Fenti

A tashar jirgin ruwa ta Bajoe kowa yana da abin faɗa a kan Ambo Rappe. Direbobin manyan motoci sun ce tsufa ne ya taɓa masa kai. Mata masu sayar da kifi sun ce a'a, tun ranar da matarsa ta rasu a tsakiyar teku rabinsa ne kawai ya dawo gida. Daeng Masiga mai kofi kuwa cewa yake yi, "Ku ƙyale bawan Allah. Ku surukai kuke gaidawa, shi jirgi. Wa jirgi ya taɓa yi wa gori?"

Duk hantsi, idan jirgin fito Cahaya Pammase ya iso daga Kolaka ya sauke bakinsa motoci suka fara fita, sai tsohon ya matso, ya cire hula, ya dafa ƙarfen, ya ce, "Sannu da hanya. Yarinyarka tana nan lafiya."

Yarinyar ita ce 'yarsa Bungaeja, mai shagon ɗinki a Makassar, wadda har ta aurar da 'ya. Ta san labarin tun tana ƙarama. A cikin jirgin fito aka haife ta, tsakanin motoci biyu masu buhunan shinkafa, uwar kuma ba ta kai gaɓa da rai ba. Aka sa mabiyiya a ɓawon kwakwa da gishiri da tsamiya, aka miƙa wa teku, aka raɗa wa jaririyar sunan jirgin. Amma wancan jirgi fari ne, an sayar da shi tana firamare, har an ce maƙeran Madura sun yayyanka shi. Wannan shuɗi ne, mai bene biyu, bai daɗe da zuwa ba.

"Shi ne," in ji tsohon. "Na san kukansa."

"Ambo, duk jirage kukansu ɗaya," in ji Bungaeja. Ambo a yarensu baba ke nan.

"Haka ake cewa a Makassar?"

Da ta ji labarin wata mota mai ja da baya ta kusa take shi yana cikin gaisuwarsa, sai ta zo, ta sa wa ƙofa kwaɗo, ta ɗaure kayansa. A gaban maƙwabta ta ce ya ruɗe, za ta tafi da shi inda ba teku a bakin ƙofa. Bai yi musu ba. Ya dai ce, a hankali, idan aka raba shi da tashar ba zai ga damina ba.

Ranar tafiya ta tarar da taga a buɗe, tsohon ba ya ɗakin. Ta nufi tasha.

"Yana wajen jirginsa," in ji Daeng Masiga, yana zuba kofi. "An sake sayar da jirgin, wani Alhajin Kolaka ya saya. Sun jawo shi tudu za su yi masa wanka. Ki bi bayan rumfunan kifi, 'yata, kuma kada ki yi masa faɗa a gaban mutane."

Ta tafi da faɗan a bakinta. Da ta zagayo kwanar sai ta tsaya.

Ba ta taɓa ganin jirgi a waje da ruwa ba. Ashe abin da ake gani daga tasha kaɗan ne daga cikinsa. Yana zaune bisa gumagumai, cikinsa ja, ya fi masallacin Juma'a tsawo, ya tare rana har inuwarsa ta rufe filin duka. Ƙananan katantanwa sun manne masa kamar ƙuraje, ruwa na ɗiga daga jikinsa. Kowane kunne na farfelarsa ya fi mutum. Ma'aikata suna rataye da igiya a gefensa, ƙanana, suna kankare fenti, ƙarar guduma tana shiga cikinsa tana dawowa da wata murya mai zurfi da ta ji a ƙirjinta.

Mahaifinta yana zaune a kan wata tsohuwar taya daga baya, hula a gwiwa, ya ɗaga kai.

"Ke ce 'yar?" wani mai hular kwano ya tambaye ta. Mas Poniran ne, shugaban masu fentin. "Tun da safe ya zo. Ya ce mu yi a hankali, kamar muna aske jariri." Ya yi dariya, ya nuna sama. "Mu ba ma goge sunan jirgi, baiwar Allah. In walda aka yi shi, sai a shafe da fenti, a rubuta sabo a gefe. Jirgin da aka ƙwace wa suna mantuwa yake yi da hanya. Duba."

Shuɗin ya tafi. A ƙarƙashinsa akwai ruwan ɗorawa na wani kamfanin Flores, da sunan wata waliyyar coci. Ƙarƙashin wannan kore, lokacin da yake ɗaukar motocin 'yan yawon buɗe ido zuwa Bali. Can sama, rubutun Japanawa, inda aka ƙera shi, tun yana ratsa ruwan da ƙanƙara ke zuba a kansa. Kowa ya saya, ya yi masa riga, ya ƙara masa ɗaki ko matakala, ya tsufa ko ya karye, jirgin ya wuce gaba.

Wani ma'aikaci ya sa ƙarfe ya ɓamɓare wani ɓawo mai faɗin faranti. Fari ya bayyana. Ma'aikacin ya bi layin waldar, harafi bayan harafi, tsatsa na zubowa. B. U. N. G. A. Kowane harafi ya kai tsayin yaro.

Bungaeja ba ta jira sauran ba. Ta durƙusa a cikin laka kusa da tayar, da zanen tafiyarta.

"Ya rame," in ji tsohon, bai dube ta ba. "Amma ya yi yawo fiye da mu duka."

Ta kama hannunsa, ta sa goshinta a kai, yadda ba ta yi ba tun tana budurwa.

"Ambo," ta ce, da ƙarfi yadda masu gudumar ma suka ji, "na ƙaryata ka a gaban mutane. Na kulle ka. Ka yafe mini."