Haƙoran Filayar Ragab

Shekara goma sha tara ina kai gurasa a keke a unguwar Bab al-Sha'riya, kuma duk wanda ya ce maka aikin ƙarfi ne kawai, bai taɓa yi ba. Tire biyu a ka, wani kan wani, gurasa na ƙona maka tsakar kai, hannu ɗaya riƙe da tire, ɗaya a kan keke, kana kutsawa tsakanin motocin da direbobinsu suka baro hankalinsu a gida. Ƙafar keke in ta karkace ko da kaurin farce ne, wuyanka ne zai fara sani. Shi ya sa mu 'yan gurasa ba ma wasa da mai ɗaure mana sifok, siraran wayoyin nan da ke riƙe da ƙafar keke.

Namu Usta Mitwalli ne, Usta wato babban gwani a sana'a. Shagonsa wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, in shi ya shiga, keke sai dai ya jira a waje. Kayan aikinsa ba su taka kara sun karya ba: sifana uku, guduma, famfon da ya girme ni, kwanon ruwa na neman huji, sai makullin sifok na tagulla, ɗan kewayayye, wanda yake ratayawa a wuya da igiya kamar laya. Yana da filaya, amma don zare ƙusa daga taya kawai. Cewa yake yi, mai kama sifok da filaya da mai cire haƙori da guduma uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Da kunne yake aiki. Zai kifa keke, ya bi sifok ɗaya bayan ɗaya yana ɗana su da farce, ya kara kunne. "Wannan ta cika tsiwa," ya sassauta ta. "Wannan barci take yi," ya ɗaure ta. In ya gama, duka talatin da shida murya ɗaya suke fitarwa, kai kuma ka hau ka manta akwai ƙafa a ƙarƙashinka.

To, kunnen ne ya tafi. Da farko abin dariya muka mai da shi. Ka ce masa ina kwana, ya ce ai ya riga ya ci wake. Dariyar ta ƙare ran da na faɗi.

Ana gobe zan faɗi ya ɗaure mini ƙafar baya. Da safe na ɗauko kaya, ina zuwa daidai wurin mai wake, ƙafar ta fara rawa, kafin in ce Allah na ji ni a ƙasa, gurasa ta watse har ƙarƙashin motoci. Ka san mutanenmu, ba a barin gurasa a ƙasa. Nan da nan titi ya tsaya, mai wake, mai guga, matan da suka fito cefane, kowa ya duƙa yana ɗauka, ya sumbata, ya kai goshi, ya ɗora a tire. A cikin masu duƙawar har da Usta, da gwiwarsa mai ciwo.

"Me ya kayar da kai, Gabir?"

"Rami ne, Usta!" na ɗaga murya.

Titin nan sumul yake, watan da ya wuce aka zuba masa kwalta. Kowa ya sani, aka dai ci gaba da tsintar gurasa.

Washegari muna jiran gurasa a bakin tanderu, mu bakwai, Ashur ya fasa ƙwan. Ashur abokin aikina ne, bakinsa ba shi da birki.

"Ni dai na gama da tsohon nan. Kurma ba ya ɗaure ƙafa."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Kai ko kunya ba ka ji? Mutumin da ya ɗaure wa ubanka ƙafa tun kana tsumman goyo?"

"Ubana ya mutu da wuyansa a miƙe, ni ma haka nake so. Kai da ka fi kowa kunya, jiya wa muka tsinto a kwalta?"

Aka yi dariya, ni ban yi ba. Gaskiya ya faɗa, ita ce ta ƙona ni. Amma in mu bakwai muka janye, Usta ya gama, don ba ya da wasu masu zuwa sai yara masu neman iska. Kuma ba ta cin abinci nake ji masa ba, 'ya'yansa mata suna kula da shi. Mutumin nan in ka raba shi da ƙafar keke, ban san abin da ya rage ba.

Ni na kawo dabarar, kada a ɗora wa wani. Na ce mu ci gaba da kai masa kamar kullum, mu sha shayinsa, mu sallame shi, sannan mu tura keken ta bayan masallaci wurin Ragab mai gyaran babur ya sake ɗaurewa. Muka dafa gurasa muka rantse ba mai faɗa. Ranar har wani daɗi na ji, wai ni mai hikima.

Ragab yana da ido, ba zan ci amanarsa ba, ƙafa tana fita a miƙe. Amma makullin sifok ko a mafarki bai taɓa riƙewa ba. Filaya yake cafka ya murɗa, yana yi yana yi mana tsiya.

"Ku 'yan gurasa sai Allah. Likita biyu kan ciwo ɗaya!"

Aka yi ta tafiya haka. Ba wanda ya ƙara faɗuwa. Usta ya ci gaba da kara kunnensa yana gyaɗa kai, mu kuma muna cewa, "Allah ya ƙara wa hannun nan albarka, Usta." Ko da ya ɗana sifok, farce da makulli ne ke taɓa su, idonsa kuma ya yi rauni, bai lura da komai ba.

Wata la'asar na kai masa faci kawai. Ya shafa sholisho, yana jira ya sha iska, sai hannunsa ya bi ƙafar yana shafawa kamar mai shafa kyanwa. Yatsunsa suka kai kan 'yan tagullar da ake murɗawa a gindin sifok. Ya tsaya. Ya taɓa ta gaba, ya taɓa ta gaba da ita, har ya zagaye ƙafar. Keken Ashur na jingine a bango, mai shi ya tafi sallah. Usta ya tashi da ƙyar ya je ya shafa nasa ma.

"Gabir, wa ya ciji ƙafafun nan?"

Na ce wataƙila duwatsun hanya ne. Bai ji ba, amma ya ga bakina.

"Ɗana, kunnena ne ya mutu, ba yatsuna ba. Wannan haƙorin filaya ne. Hannun wa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ragab."

"Wa?"

"Ragab, Usta."

"Ɗaga murya, don Allah!"

Abin da muka yi wata da watanni muna rufewa don kada mutum ɗaya ya ji, shi na tsaya tsakiyar titi ina kwarmatawa da iyakar ƙarfina. "Ragab ne! In ka gama muna kai masa ya sake!" Mai shayi ya ji, mai guga ya ji, matar da ke shanya a bene ta ji. Wallahi da a ce faɗuwa na sake yi da ya fi mini sauƙi.

Bai yi faɗa ba, ni kuwa faɗan nake roƙo. Ya koma ya zauna, ya manna facin, ya danne da gindin guduma, ya mayar da tif, ya buga iska. Sannan ya ciro igiyar daga wuyansa ya miƙo mini makullin.

"Kai masa. Ka ce kaɗan-kaɗan ake murɗawa. Ya daina tauna mini tagulla."

"Usta, don Allah..."

"Riƙe. Tun yaushe?"

Na kasa sake yin ihu. Na ɗaga masa yatsu bakwai.

"Sati?"

Na girgiza kai.

Ya daɗe yana kallon yatsun nan nawa, ni kuma hawaye ya hana ni ganinsa sosai.

"Wata bakwai," ya ce a hankali. "Ni kuwa kullum in na koma gida sai in ce wa matata Umm Nagat, hannuna bai taɓa yin kyau irin na bana ba. Ko ƙafa ɗaya ba a dawo mini da ita ba."