Zazzaɓin Nalongo

Kaddu mahauci ya riga ya kwance igiya daga bayan babur ɗinsa lokacin da na tsallaka shinge na shiga gidan maƙwabcina Mukiibi. Matarsa Nakaweesi tana tsaye a ƙofar ɗakin aladu, hannu a ka.

"Tun jiya ba ta ci komai ba, Baba Ssebowa," in ji ta. "Taɓa ka ji."

Na taɓa. Zafi kamar bakin murhu. Nalongo ke nan, uwar aladun gidan, ita kaɗai ta rage musu. Tana kwance, numfashi sama-sama.

A ƙauyenmu ba a jiran alade ya warke. Mun ga zazzaɓin da ke share garke kaf, wanda ke sa kunnen alade ya yi ja, ba shi da magani, ba shi da allura. Tun daga nan, in alade ya ƙi abinci da safe, kafin rana ta yi tsaka yana rataye a rumfar Kaddu. Ni ma haka nake yi da nawa.

"Wa ya kira mini ungulu gida?"

Mukiibi ne, dafe da ƙyaure. Tun da asibitin Masaka ya sallamo shi ya ce a kai shi gida, ban ga ya taka ƙasa ba sai ranar. Wandonsa da igiyar ayaba aka ɗaure shi.

"Ungulun nan ce ke ciyar da rabin ƙauye, tsoho," in ji Kaddu. "Koma ka kwanta kafin iska ta ɗauke ka."

"Ka duba kunnenta tukuna. Ya yi ja?"

Kaddu bai duba ba. Ni na duba. Bai yi ba.

"Allura ce," in ji Mukiibi. "Likitar dabbobi ta faɗa kafin ta tafi. Jiki zai yi zafi, za ta ƙi abinci, a bar ta."

Na san zancen. Haihuwar Nalongo ta baya, matattu ta zubo. Wadda ta gabace ta, 'ya'yan sun rayu, suka rame ɗaya bayan ɗaya. Ciwo biyu ne daban, in ji likitar. Ta haɗa rigakafinsu a allura guda ta soka mata a bayan kunne. Ta ce za ta dawo ta ɗebi jini ta ga ko jikin ya kama duka biyun, don wani lokaci yakan kama ɗaya ya saki ɗaya.

"Ciwo biyu a allura ɗaya," na ce. "Ko namiji ne, ka turo masa ɓarayi biyu lokaci guda, da wanne zai kama kokawa?"

"Kai ka yi shiru. Kai da ka ɓuya cikin gonar ayaba ranar da aka zo yi wa tsofaffi allura."

"Aiki ne ya kai ni."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Kaddu ya naɗe igiyarsa.

"In ta mutu, kada a kira ni," ya ce. "Ba na sayen mushe."

Na kama Mukiibi na mayar da shi gado. Ba nauyi. Ya ɗauki hannuna ya ɗora a goshinsa.

"Me ka ji?"

"Sanyi."

"Da can da zazzaɓi nake kwana, da shi nake tashi. Yanzu babu. Nawa jikin ya ajiye faɗa. Nata yanzu ya fara." Ya huta kaɗan. "Ssebowa, kada wuƙa ta taɓa ta. In ta haihu lafiya, matata ba za ta durƙusa wa kowa don gishiri ba."

Ban yarda da allurar ba, kuma ya sani. Na ce, "Na ji."

Washegari da hantsi Nakaweesi ta kai masa shayi, ta tarar ya tafi. Kukanta na ji daga gona. Na jingine fartanya. Ba mai sake ɗaukar fartanya a ƙauyen sai an binne shi.

Kafin yamma gida ya cika. Mata suka baje ganye suna ɓare ayaba, maza suka shiga gonar ayabar da ke bayan gidan haƙa kabari. Nalongo ba ta tashi ba. Ruwa kawai ta lasa.

Ranar binnewa ƙanensa Lutaaya ya iso daga Kampala, da baƙar kwat da takalmi mai ƙyalli. Ya zaga tukwane, ya buɗe, ya ga wake ne ba nama, ya rufe. Can sai na ji ƙarar babur ɗin Kaddu.

Na ɗauki kujera na ajiye a ƙofar ɗakin aladu, na zauna, sandata a kan cinya.

"Baba, a ba mu hanya," in ji Lutaaya. "Yayana ba zai tafi da wake ba. Mutane sun zo daga nesa."

"Sun zo binne shi ne ko cin nama?"

"Dabbar mutuwa za ta yi ko ta yaya. Kowa ya faɗa."

"To ta mutu da kanta."

"Gidan ɗan'uwana ne nan."

"Ina gidan nan lokacin da kake yawo ba wando."

Wasu suka yi dariya, wasu suka ja tsaki. Wata tsohuwa ta ce in alade ya mutu a gidan makoki, da kunyar da asarar duk a kan gwauruwa za su faɗa. Gaskiya ta faɗa. Lutaaya ya juya wurin Nakaweesi, tana zaune a tabarma, ɗaure da mayafi a ciki irin na masu makoki.

"Matar yaya, ke za ki faɗa."

Ta ɗago kai. Ita ce ta kira Kaddu da farko, kuma tsoron bai bar ta ba, na gani a fuskarta.

"Ya ce a bar ta," in ji ta. "A ƙara wake."

Lutaaya ya tafi yana magana shi kaɗai. Amma Kaddu bai tafi ba. Ya jingine babur a gindin mangwaro, igiya a kafaɗa, yana hira da samari, yana satar kallona.

Da aka fito da gawa, naɗe cikin mayafan ɓawon itace, kowa ya miƙe ya bi ta cikin ayaba. Na miƙe ni ma. Tare muka yi kiwo da Mukiibi muna yara, tare muka binne iyayenmu. Ƙasar da zan zuba masa haƙƙina ce. Na dubi Kaddu. Bai motsa daga gindin mangwaro ba.

Na koma na zauna.

Daga nan nake jin katikis, malamin coci, yana karatu, mata suna amsa waƙa. Sai waƙar ta tsaya. Na ji shebur ya fara aiki. Na cire hulata na riƙe.

A bayana katako ya yi ƙara. Na leƙa ta saman ƙofa. Nalongo ta dafa ƙafafun gaba, ta zame, ta sake dafawa, ta miƙe. Ta tsaya tana rawar jiki. Ta tako zuwa kwamin abincinta, ta tura shi da hanci, babu komai a ciki.

Ɓawon ayabar da mata suka tara yana kusa da ni. Na ɗebo hannu biyu na zuba mata. Ta sunsuna, ta ɗauki ɗaya, tana taunawa a hankali, kumfa na zuba a gefen bakinta. Can cikin ayaba shebur bai tsaya ba.