Gwajin Kife Jirgi

Karo na uku ke nan Shukri ya kama gefen kwale-kwalen ya yunƙura. Ƙirjinsa ya hau, ƙafa ta ƙi bi, ya sulale ya koma cikin ruwa. 'Yarsa Nihal, kociyar kulob ɗin masu tuƙin kwale-kwale, tana tsaye a kan gadar katako da usur a hannu, ta kasa busawa.

Dokar kulob ɗinsu na Iskandariya ba ta da wuyar ganewa. Kowace shekara mai tuƙi zai kife jirginsa da gangan, ya birkito shi, ya hau da kansa. Wanda ya kasa, shi da teku sai kallo. Shukri ne ya kafa dokar, a shekarar da aka tsinci jirgin ɗansa Wa'il a kife, ba shi a ciki, bayan katangar duwatsun da ke tare igiyar ruwa. Tun daga lokacin kullum da safe sai ya tuƙa zuwa wurin, ya ɗan jima, ya dawo.

"Tumbin nan ne, Shukri!" in ji abokinsa Hamdi daga bakin ruwa. "Na ce ka rage wake ka ƙi ji!"

Ba wanda ya yi dariya. Shi kansa Hamdin hawaye yake sharewa da bayan hannu, yana ɗora wa iska laifi.

Nihal ta busa usur. Aka jawo tsohon, aka cire masa rigar ruwa, aka lulluɓe shi da tawul. Ya zauna yana rawar ɗari, ya ƙi karɓar shayin da aka miƙo masa.

"Ruwan ne ya yi sanyi yau," ya ce. "Ki bar ni in sake, 'yar nan."

"Bara ma sai da na kawar da kai, Baba."

"To ki ƙara kawarwa mana. Wa zai ce miki don me?"

"Ɗaya na rasa a ruwan nan. Ba zan iya biyu ba."

Ya sunkuyar da kai. Zuciyarta ta karye, domin ba ta taɓa ganin mahaifinta yana roƙon kowa ba.

"Sai in riƙa kai ka a jirgin inji," ta ce.

"Da wannan hayaniyar? Mutum ko Fatiha bai iya ji daga bakinsa." Ya goge gemunsa da tawul. "Ke za ki riƙa zuwa. Kada a bar Wa'il shi kaɗai."

Nihal ta daɗe tana horar da mutane a tekun nan, amma kullum kafin ƙarshen katangar take juyawa. Ta zaci ba wanda ya lura.

"Ban taɓa zuwa wurin ba, Baba. Ba zan iya kallonsa ba."

"Na sani. Ai ba sai kin kalla ba, mai tuƙa irin jirginmu baya yake ba wa inda za shi. Zan tsaya a kan katanga, ni za ki riƙa kallo. In na ɗaga hannu, kin iso wurin yayanki."