Toka a Cikin Taki

A yi mini afuwa da na yi karambanin ɗaukar biro. Ban taɓa rubuta labari ba, wannan ɗin ne ya tsaya mini a maƙogwaro.

Buhu ɗaya na takin zamani Malam Haladu ya samu bana, gonarsa ta Lajawa kuwa uku take ci. Masarar gonar nan ita ce tuwon gidan har wata damina. Sai ya juye takin a kan leda a tsakar gida, ya sa aka kwaso tokar murhu, ya yayyafa ruwa yana cakuɗawa don ya yi auki.

'Yarsa Lubabatu na bakin ƙofa da littafin kimiyya a cinya. Ta hango kalmar amoniyam a jikin buhun. Makon jiya malamarsu ta ba su gwaji, ta rubuta a allo: idan gishirin amoniyam ya haɗu da abu mai kaifi irin na toka, me zai fito? Ita kaɗai ta ci. Amsar ita ce wani gishirin, da ruwa, da iskar amoniya. Abincin shukar a cikin iskar nan yake, ita kuwa tashi take yi.

Warin ya bugi hancinta kamar fitsarin awaki.

"Baba," ta ce can ƙasa, "tokar nan za ta..."

"Kai, ji ƙarfi!" in ji yayanta Ɗayyabu, yana toshe hanci. "Takin nan ya yi, Baba. Farfesa, me kuma? Ko littafin ya ce da biro ake noma?"

Baba ya yi dariya. "Faɗi mana, Luba."

Ta dubi hannayensa, sun yi fari fat da toka. Tun safe yake duƙe.

"Ba komai, Baba. Sannu da aiki."

Bayan sati biyar ta kai musu fura gona. Masarar ta tsaya iya gwiwa, ganyen ƙasa duk ya yi ɗorawa. Maƙwabtan gona sun taru ana ta tsine wa mai sayar da takin.

"Jabu ya ba ni," in ji Baba, yana murza ganye. "Ba don tokar da na ƙara ba, da ko wannan ban samu ba. Baɗi ninka ta zan yi."

Takardar gwajin nan na amoniyam tana cikin jakar Lubabatu, da jan maki goma bisa goma. Ta ajiye ƙwaryar a gindin darbejiya, ta rufe da faifai, ta bi ta bayan dawar maƙwabci ta sulale. Ba wanda ya juyo.