Damben Guduma a Shagon Uwarsa

Maman Guduma ba ta taɓa musun cewa ta nuna damben ba. Shagon abincinta na bakin titi ne, 'yan tebura da benci, sai talabijin a saman firij. Ranar da ɗanta, wanda duk unguwa ke kira Guduma, zai yi babban dambensa na farko, ta biya kamfanin da ke haska wasan, ta sauke tukwane da wuri, ta wangale ƙofa. Direbobi da teloli da tsofaffin da suka san shi tun yana yawo ba wando suka cika shagon, wasu na leƙe ta taga. Cikinsu akwai wani baƙo da bai damu da damben ba, jama'a kawai yake ɗauka da wayarsa.

Ashe ɗan aiken kamfanin ne. Ba a jima ba sammaci ya iso: wai kallon gida ta saya, ta haska a wurin sana'a. Lauyan kamfanin ya zo da kansa, ya ce in ta sa hannu ta amsa cewa ta saci wasansu, ta kuma ba da haƙuri, za su janye ƙarar.

Guduma ya kira ta a waya, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Mama, ki sa hannun kawai. Mutanen nan su ke nuna wasana. In suka juya min baya na kaɗe."

"Me na sata?" ta tambaye shi. "Fuskar da aka fasa ranar nan, su suka haife ta ko ni?"

"Ba haka doka take ba, Mama."

"To doka ta faɗa min da bakinta. Ni dai ba zan kira kaina ɓarauniya ba, ko don kai."

Ya kashe wayar, kuma daga ranar bai sake kira ba. Wannan ya fi sammacin ci mata rai, amma ba ta nuna wa kowa ba.

A kotu lauyan ya kunna hoton da aka ɗauka. Ga shagon ya cika maƙil, ga ita a gefen firij ta rufe ido da gefen mayafi, tana tambayar wani tela ko yaron nata ya tashi daga ƙasa. Wasu suka yi dariya, har alƙali ya ɗan sunkuyar da kai. Sannan ya tambaye ta ko tana da abin cewa.

"Ranka ya daɗe, na nuna. Mutanen nan su suka yi ta kai ɗana wurin horo a bayan mota lokacin da ubansa ya rasu. In kulle ƙofa in kalla ni kaɗai, su tsaya a titi? Ban sayar da ko ruwa ba ranar. In laifi ne a hukunta ni, amma kada a ce sata."

Alƙali ya ce doka na bayan kamfanin, shago shago ne ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ya ci ta tara, ya hana ta sake haska irin wasan a can sai da izini. Amma ya ce a rubuta cewa ba a same ta da sata ba, kuma babu wanda zai tilasta mata ba da haƙuri.

Ta fito ta wuce lauyan ko kallo bai ishe ta ba. A bakin ƙofa ta tarar da Guduma a tsaye, ya jawo hula ya rufe rabin fuska. Manajansa ya hana shi zuwa, amma ya zo.

"Mama, ki yafe min."

Ta miƙa masa jakarta ya riƙe. Sai da suka tsallaka titi ta ce, "Kai kuma wa ya koya maka sauke hannun hagu in ka gaji? Telan nan ya ce ta nan aka same ka. In za ka jawo min kotu, to ka riƙa kare fuskarka."