Direba Ya Kawo Mara Lafiya

Shekara goma sha tara Direba yana tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya, amma abin da ya fi taƙama da shi bayanin miƙa mara lafiya ne. Kafin a sauko da gado ya gama zayyana wa ma'aikatan jinya shekarun mutum, abin da ya same shi, da abin da aka ba shi a hanya. Daga nan ya wanke hannu, ya kama gabansa.

Bayan haɗarin motar 'yan makaranta ya fara shan ƙwaya. Wata yarinya ce ta damƙe masa babban yatsa yana sa ta a mota, ta ce kar ya tafi. Dole ya ɓamɓare hannunta don ya je ya yi tuƙi. Ba ta kai ƙofar asibiti da rai ba. Wurin aiki suka tausaya masa ƙwarai, har suka ba shi hutun kwana biyu.

Sau biyu yana zuwa cibiyar masu neman daina shaye-shaye, sau biyu yana cewa ɓatan hanya ya yi. Shi da ya san kowane lungu a garin.

Zuwa na uku a ƙafa ya zo, amma sabo ya bi da shi ta ƙofar baya, inda motoci ke sauke mutane. Sista, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta daɗe da saninsa, tana zaune tana cike takardu.

"Direba, yau ba jiniya? Ina mara lafiyar?"

"Yana nan."

Ta leƙa bayansa. "A aljihu ka sako shi?"

Ɓatan hanya na uku yana kan harshensa. Sai ya gyara tsayuwa, ya yi abin da ya iya.

"Namiji, shekara arba'in da shida. Ƙwaya shida a rana, shekara biyu ke nan. Iyalinsa sun ɗauka guda ɗaya yake sha. Rabonsa da ita ƙarfe bakwai na safe. Maƙaryaci ne, Sista, idan ya ce ya warke a kwana na uku kada ku yarda. Ya kuma san ƙofar baya, a sa ido."

Sista ta jawo sabuwar takarda, ta rubuta duka.

"Wa ya kawo shi?"

"Ni."

"To, ya samu direban kirki. Na karɓa."

Direba ya nufi famfon da ke bakin ƙofa, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu. Ƙofar a buɗe take, ana jin motoci a titi. Sista ba ta ɗago ba.

Ya goge hannu a wando, ya dawo, ya zauna a kan kujerar roba.

"Yanzu sai me?"

"Yanzu sai jira, Yaya. Ai ka san aikinmu."